Kunnen Hamana da jelar ragon layya: magana a kan dariyar ranar biki

Ina gaida iyayenmu da suka daure suka zauna da mu, ina kuma gaida waɗanda suka taso tun daga Bambeye da ƙauyukan kewaye suka shigo Tawa saboda wannan zama, Allah ya maida kowa gida lafiya. Mai shayi kuma ka ci gaba da fifita, kada a ce don ana jawabi an bar na biyu ya huce.

An ce in yi magana a kan Sallah da zaman tare, tunda ga layya ta ƙarato. Na san abin da kuke jira ku ji: tsadar rago, sai wa'azin a yi haƙuri. Za mu iso wurin, amma ta hanyar dariya zan bi da ku. Ina so mu dubi barkwancin da mutane suke yi a kan abincin ranar biki, namu na nan Adar da na wasu mutane da ke nesa da mu, wato Yahudawa. To, na ga wasu sun kalli juna. Na sani, da an ambaci sunan nan zuciya takan tafi Gaza, kuma da dalilinta. Ra'ayin kowa a kan gwamnatin Isra'ila yana nan inda yake, ban zo taɓa shi ba. Maganar yau ta madafa ce, ta tsofaffin mata da tukwanensu, al'adun da suka girmi kowace gwamnati ta yau da ɗaruruwan shekaru. Kuma Alƙur'ani ya yi maganar abincinsu a Suratul Ma'ida da Suratul An'am, saboda haka ba baƙon zance ba ne a kunnen Musulmi.

Bari in fara da abin da zai ba ku mamaki. A kalandar Yahudawa akwai wata guda mai suna Adar. Wallahi haka sunansa yake, kamar ƙasarmu. Babu dangantaka tsakanin kalmomin biyu, dacewa ce kawai, amma shi ne watan da suka ware wa raha da shashanci. Yana faɗowa wajen Fabrairu ko Maris, kuma ranar 14 gare shi suke bikin da suke kira Purim. Labarin bikin a taƙaice shi ne: a zamanin daular Farisa an yi wani waziri mai suna Haman. Ba Hamanan Fir'auna da muka sani a Alƙur'ani ba, wannan wani ne daban. Ya shirya a hallaka Yahudawan daular kaf a rana ɗaya, har ya jefa ƙuri'a don zaɓen ranar, kuma daga kalmar ƙuri'a sunan bikin ya fito. Sai matar sarki, Esta, wadda Bayahudiya ce ta ɓoye asalinta, ta fito ta tona shi a gaban mijinta. Ramin muguntar da ya gina shi ya rufta ciki.

Yanzu ku dubi yadda suke tuna wannan rana da aka so shafe su. Jajiberinta azumi suke yi. Ranar kuwa ana karanta labarin a wurin ibada, duk inda aka ambaci sunan Haman sai yara da manya su kaure da buga ƙafa da kaɗa abin ƙara har sunan ya ɓace cikin hayaniya. Yara su yi shigar burtu, a yi wasan kwaikwayo ana shaguɓe ga manya, har malamansu ba sa tsira. Sannan a zo kan abin da ya fi jan hankalina: wani ɗan cin-cin mai kusurwa uku, ana naɗe shi da kwaɓin 'ya'yan itace ko wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu kama da riɗi. Yahudawan Turai suna ce masa hamantash, wato aljihun Haman. Da Ibrananci kuma sunansa kunnuwan Haman. Wasu suna cewa hularsa ce. Mutumin da ya so ya gama da ku, kun maida shi abin taɓawa da shayi, yaro ɗan shekara uku yana gatsar kunnensa.

Akwai wani shahararren zancen raha a tsakaninsu da ke cewa duk bukukuwansu jimla uku ne: an so a kashe mu, mun tsira, a kawo abinci. Idan ka bi su ɗaya bayan ɗaya sai ka ga zancen bai yi nisa da gaskiya ba. A bikin Hanuka na kwana 8 suna tuna ɗan man fitila da ya kamata ya ƙare a kwana ɗaya amma ya kai takwas, sai suka ce to, duk abin da za a ci a soya shi da mai: fanke mai zaƙi a ciki, da wani ƙosan dankalin Turawa da suke kira latke. A bikin Fesa kuma, na tuna fitar Annabi Musa (AS) da mutanensa daga Masar, kwana 7 ko 8 ba a cin komai mai yis, sai wata busasshiyar gurasa mai suna matsa, domin waɗanda suka gudu ba su samu lokacin jiran ƙulli ya tashi ba. Su da kansu suke mata kirari da gurasar talauci, su ne kuma suke cewa da ita da kwalin da aka zubo ta ciki ɗanɗanonsu ɗaya. Suna tsokanarta, suna ci, shekara da shekaru.

Sai maganar kosha, wato halas ɗinsu. Mun haɗu da su a wurare: ba alade, ba jini, ba mushe, sai an yanka. Amma tasu dokar ta fi tamu tsauri nesa ba kusa ba. A ce yau Bayahude mai riƙo da addininsa ya sauka gidan Ba'adare. An kawo tuwo da miyar nama an kwarara man shanu, ba zai ci ba, domin nama da duk abin da ya fito daga nono ba sa haɗuwa a wurinsu, har tukwane da cokula daban-daban ne. An ce to ga gasasshen nama, ga fura da nono a kora, nan ma a'a, da yawansu sai sun jira awa 6 bayan nama kafin su taɓa nono. An kawo naman raƙumi, haram ne gare shi. An aika Tabalak an kawo tarwaɗa, ba ta da ɓawo a jiki, ba ya ci. Yara sun kamo zomo, shi ma a'a. Maigida ya rasa ta cewa, sai yarinya ta shigo da tiren soyayyar fara da yaji. To a nan ne za a iya shiryawa! Attaura ta halatta wasu nau'o'in fara, kuma Yahudawan Yaman sun riƙe al'adar cinta har zuwa zamanin nan.

Irin wannan doka mai rassa da yawa ita ce ta haifi barkwanci mai yawa a cikinsu, kuma masu riƙo da dokar su suka fi kowa yin sa. Kafin bikin Fesa dole a raba gida da duk abin da ke da yis, to mai babban shago fa, ya zubar da jarinsa? Sai malamansu suka fitar da mafita: a sayar wa wanda ba Bayahude ba da yarjejeniya, bayan biki a sake saye. Shekaru da dama wani Balarabe Musulmi na garin Abu Ghosh ne yake sayen na hukumomin ƙasar gaba ɗaya, ya zama attajirin burodi na mako guda. Su da kansu suke ba da labarin suna dariya. Wanda ya taɓa sauraren filin tambaya da amsa na azumi a rediyo ya san irin wannan. Malam, in na ɗanɗana miya na tofar fa? Malam, in ladan ɗin unguwarmu ya makara amma na maƙwabta ya kira fa? Malam, zakara in ya ƙoshi sosai yana layya? Mai tambayar ba raina addini ya yi ba, ciki ne yake neman lauya.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Jami'ar Shikago a Amurka. Tun 1946 ake wata muhawara a can kusan kowace shekara: tsakanin latke da hamantash wanne ya fi? Manyan farfesoshi ne suke shigowa da rigunan girma na jami'a, kowa ya kare nasa da iliminsa. Masanin lissafi ya kawo hujjar kusurwa uku a kan da'ira, masanin shari'a ya kawo tasa, masanin falsafa ya kawo tasa, fuska a ɗaure kamar ana shari'ar kisa. Har waɗanda suka ci kyautar Nobel sun shiga, irin su Milton Friedman na tattalin arziki da Leon Lederman na kimiyya. Har yau ba a rufe maganar ba. Ku lura da shekarar da aka fara: 1946, shekara ɗaya bayan ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda a cikinsa aka kashe Yahudawa kusan miliyan 6 a Turai. A lokacin malamin jami'a Bayahude yakan sakaya asalinsa don a ɗauke shi da daraja. Wannan muhawarar shirme ita ta ba su damar fitowa fili su ce ga abincin kakata, ban kuwa ji kunyarsa ba. Ku ƙaddara a Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa an tara malamai an ce a yi muhawara tsakanin ƙosai da waina, ko tsakanin cuku da kilishi. Na rantse da ɗakin ba zai ɗauki jama'a ba.

To mu dawo gida. Mu ma fa ba baya ba ne. Ku dubi sunayen da kakanninmu suka raɗa wa watanni. Rajab, azumin tsofaffi. Sha'aban, sha ruwan tsofaffi. Ramadan, azumi. Muharram, cika-ciki. Kusan rabin kalandar labarin ciki ne, ko yana hutu ko yana aiki. Azumin kansa an raba shi uku: goma na marmari, goma na wuya, goma na ɗokin Sallah. Yaro ya kai azahar ya sha ruwa, kaka ta ce ba komai, gobe ka ƙara rabi in ɗinke maka su zama ɗaya. Saurayi yana lissafin kwalin sukarin da zai kai gidan surukai, abokai suna ce masa bana soyayyar taka kwali nawa ce? Daga goma ga wata yara su fito tashe, kuma babban abin tsokana shi ne gwauro, mutumin da ba shi da mai dafa masa sahur. A Kano har sarauta aka yi wa abin, Nalako, mai kamun gwauraye.

Cika-ciki kuwa ai Purim ɗinmu ne ta wata fuska. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa da Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudawa suna azumin Ashura saboda ranar ce Allah ya tserar da Annabi Musa daga Fir'auna, sai shi ma ya azumce ta ya yi umarni da azumtarta. Azumin ibada ne. Bahaushe kuma ya ƙara nasa na al'ada a gefe: a dafa tuwo mai yawa, a fito da jelar ragon layya ko ƙafa ko busasshen naman da uwargida ta ɓoye wata guda cur, a ce kowa ya ci ya ƙoshi, wai wanda bai cika cikinsa a daren ba ya yi ta fama da yunwa har shekara ta zagayo. A kwanakin ne kuma taubasai suke bin juna kuɗin shara, jika ya tsare kaka, kaka ta ce ba ta san zance ba. An tsira daga azzalumi, a kawo tuwo. Kun ga jimlar nan uku ta dawo.

Wannan wasan taubasai ba ƙaramin abu ba ne. A 2014 UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan Nijar. Bagobiri da Bazabarme, Bafillace da Ba'are, Bafillace da Babarbare, Buzu da Bazabarme. Ku saurara da kyau, mafi yawan tsokanar a kan abinci take: wane ɓarawon fura ne, wane bai iya ganin nono ya wuce ba, wane in ya ga wake sai ya manta da uwarsa. Kuma ƙa'idarta biyu ce. Ta farko, wanda ka tsokana yana da haƙƙin ramawa. Ta biyu, in ya zo gidanka da yunwa, dole ka ba shi abin da ka zage shi a kai.

Akwai kuma wata dariyar da ta fi wannan ɗaci. Mu mutanen Adar mun san yunwa, ba a littafi muka karanta ta ba. Kuma kowace babbar yunwa sai da aka raɗa mata suna kamar jaririya. Ta 1913 zuwa 1914 ana ce mata Kakalaba. Ta 1984 aka sa mata El Buhari, domin a daidai lokacin da fari ya kama mu Janar Buhari ya rufe iyakar Najeriya, inda hatsi yake shigowa, inda kuma 'yan ci-rani suke nufa. Talakan da ba shi da rediyo ba shi da jarida, ya ɗauki sunan shugaban ƙasa sukutum ya liƙa wa yunwa, sunan ya zauna har yau. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka, 2005 ta zo da abin da da yawanku kuka ji a bakin iyaye, wasu kuma kuna goye a lokacin. Jihohin Tawa da Maraɗi suna cikin inda abin ya fi tsanani, kuma Bambeye na cikin garuruwan da masu bincike na LASDEL suka je suka zauna suka rubuta yadda mutane suka rayu. Mata sun jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita. Amma ko a lokacin za ka ji tsoho yana tauna fara yana cewa: hwara ta ci hatsinmu, mu kau mun ci ta, wa ya ci wani?

Yahudawan gabashin Turai suna da nasu gwanin wayon, kamar Gizonmu, sai dai shi mutum ne da ya rayu a ƙasar Yukren sama da shekara 200 da suka wuce, sunansa Hershele. Ana ba da labari wai ya isa wani masauki da dare, aljihu wayam, ya roƙi abinci, matar mai masaukin ta ce tukunya ta ƙare. Sai ya miƙe ya ɗaure fuska ya ce: in ba a ba ni abinci ba, zan yi abin da ubana ya yi! Mata ta tsorata, ta shiga ta fito da duk abin da ta ɓoye. Ya ci ya yi nak. Da ta ga ya sake sai ta matso a hankali ta ce, don Allah baƙo, me mahaifin naka ya yi? Ya ce: kwanciya ya yi da yunwa.

Kun yi dariya, kuma na san dalili. Kowa a nan ya san wani uba da ya yi hakan. Wannan shi ne abin da nake so mu riƙe a daren nan. Barkwancin abincin biki, nasu da namu, daga bakin waɗanda suka san yunwa ya fito. Mai yin sa kansa yake wa dariya, ko marowaci, ko azzalumi, ko taubashin da zai iya ramawa. Kuma duk inda ya zagaya, ƙarshensa kwano ne yake fita daga wani gida ya shiga wani. A ranar Purim ɗin nan ta shashanci, wajibi ne a kan kowa ya aika wa aƙalla mutum ɗaya abinci kala biyu, ya kuma ba matalauta aƙalla biyu kyauta. Yaran tashe da suke tsokanar maigida, da hatsi ko 'yan kuɗi suke fita. Gwauron da aka yi wa waƙa, maƙwabta ne suke aika masa kunu. Mai cewa a cika ciki, ya san akwai gidan da ba a ɗora tukunya ba, shi ya sa ake dafawa da yawa.

Ku dubi yadda muke gashin layya a garuruwan Nijar. A feɗe rago, a baje shi a kan sanduna biyu a gicciye, a jera na gidaje da yawa a kewaye wuta ɗaya a bakin titi, tun hantsi har dare. Ranar farko kayan ciki ake ci. Sai washegari a sauke a yanyanka, yara su ɗauki kwanoni su bazu cikin unguwa. A bakin wutar nan babu sirri, kowa yana ganin na kowa. A nan ake cewa wane, wannan naka rago ne ko mage ce ta yi ƙaho? Shi kuma ya ce naka balamin ai da bashi ya zo, ka ji yana kukan sunan mai shi. A yi dariya a sha shayi. Wanda bai yanka ba yana zaune a wurin, yana gyara itace, ana tsokanarsa yana ramawa, kuma kowa ya san gobe ƙila naman da zai taru a gidansa ya fi na wani mai ragon.

Yanzu ina wutar take? Ta koma cikin waya. Kwana goma kafin Sallah an fara: hoton rago a status, bidiyon rago a TikTok da kiɗa, wani har da tabarau ya sa masa. Ba laifi, wasu suna da ban dariya ƙwarai. Amma ku duba waɗanda suka fi yawo. Na mijin da bai sayi rago ba matarsa tana haɗa kaya. Na gidan da suka yi layya da kaza. Na yaron ƙauye da ya shigo birni da kwano ranar rabon nama, an ɗauke shi bai sani ba, an sa masa sautin dariya. Wannan yaron ba taubashinka ba ne, ba shi da wayar da zai rama, kuma bayan dariyar babu kwanon da ya bi shi. Mun riƙe tsokanar mun yar da haƙƙin da ke tafe da ita. Ga firiza kuma ta shigo gidajen masu hali. Da can zafi ne yake tilasta wa mutum rabo, abin da ba a soya ba sai a bayar kafin ya lalace. Yanzu cinya tana iya kwana a ƙanƙara har Mauludi.

Kuma abin yana da farashi, ba a baki kawai ba. Wa yake biyan kuɗin wannan dariyar? Ɗan'uwanku da ke Abijan yana tura baro, ko yana Libiya yana aikin gini cikin fargaba, ko yana Legas yana gadi. Shi ake kira dare da rana: Sallah ta matso, kada a yi mana dariya a unguwa. Sai ya ci bashi ya turo. Magidanci a ƙauye ya sayar da hatsin da ya rage a rumbu ko ya jinginar da gona, don kada ɗiyansa su ji kunya. Ma'aikaci ya cinye albashin wata biyu tun bai karɓa ba. Tsofaffi sun riga sun faɗa: Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Alhali a mazhabar Malikiyya da muke bi layya sunna ce mai ƙarfi a kan wanda yake da hali, wanda kuɗinta ba zai taɓa abin da yake buƙata na dole ba. Allah bai ɗora wa marar hali ba, mu ne muka ɗora masa da bakinmu da wayoyinmu.

Ba cewa nake a daina raha ba, Allah ya kiyaye. Garin da ba a dariya ranar Sallah ai ba garin zama ba ne, kuma da wasa ake gaya wa wawa gaskiya. Abin da nake roƙo kaɗan ne, kuma kowace fada tana iya yi.

Kafin ka tura wani abin dariya na Sallah, tambayi kanka: wanda ake wa dariyar zai iya ramawa? In zai iya, tura, ka shirya karɓar taka. In ba zai iya ba, bar shi ya mutu a wayarka. Kuma kada a ɗauki hoton mai karɓar nama, ko da sunan nuna aikin alheri ne.

In tsokana kuke so, ga inda take da lada. Ku tsokani mai boye buhu yana jiran farashi ya hau. Ku tsokani Alhajin da ya yanka biyar ya kulle ƙofa. Ku tsokani ɗan siyasar da ba ya tuna hanyar ƙauye sai da kyamara. Ku tsokani kanku, ku da kuke sa sabuwar shadda kuna bin mai shayi bashin sukari. Kakanninmu da suka sa wa yunwa sunan janar sun nuna mana hanya.

Kowace fada ta zauna tun yanzu ta lissafa gidajen unguwarta da ba za a yanka ba: gidan marayu, gidan matar da mijinta ya tafi ci-rani shiru, baƙin da rashin tsaro ya koro daga arewacin jiha wajen Tiliya, almajiran da ke kwana a zaure. Ranar rabo ku ne masu ƙafa, ku karɓa daga gidajenku ku kai da kanku, da dare in ya fi sutura. Kuma ku kai tsoka, kada ku kai ƙashi da huhu ku ce kun yi sadaka.

Wanda yake da ɗan'uwa a waje, ya kira shi a wannan makon ya ce masa: in babu, babu komai, mu dai ka dawo lafiya. Wannan kalmar ta fi masa rago.

Sannan ina ba da shawara, bayan Sallah da kwana biyu, lokacin da ciki ya lafa, kowa ya gama zaryar da muka sani, a dawo nan a yi muhawarar nan ta cuku da kilishi. A nemo malamai biyu masu ɗaure fuska, a sa Bagobiri alƙalanci, Bazabarme ya ɗaukaka ƙara. Kuɗin shiga kwano ɗaya na soye, a tara a kai gidan yari da asibiti.

Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya ba mai niyya ikon yi, ya rufa asirin wanda bai samu ba, ya ba mu damina mai albarka. Mai shayi, ina na uku?